Wa Ke Riƙe da Jami'a? Nazarin Majalisar Gudanarwa Daga Gyallesu

Duk wanda ya san Gyallesu ta Zariya ya san kalandar makaranta ce ke juya kasuwarta. Unguwar tana maƙwabtaka da manyan makarantu biyu: harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatun shari'a da sha'anin mulki, da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya wadda yanzu ta zama jami'ar horar da malamai. Idan zangon karatu ya kankama, mai shagon fotokwafi ba ya samun sararin cin abincin rana. Injinsa kan yi zafi har sai ya ɗaga murfin ya juyo masa fanka, ɗalibai na tsaye da takardun lacca a hannu, mai awara a bakin ƙofa kuma ta sauke kasko na uku kafin la'asar. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aikin wata takwas, an ga akasin haka a duk unguwar da ke cin arzikin jami'a: an lulluɓe injin da tsohon zani saboda ƙura, ɗakunan haya na garƙame da kwaɗo, masu gida na lissafin kuɗin da ba zai shigo ba.

A irin wannan lokaci mutane kan ambaci shugaban jami'a, su ambaci minista, su ambaci ASUU. Da wuya ka ji an ambaci majalisar gudanarwa, wadda ma'aikata ke kira kansil, alhali a idon doka ita ce mai gida. Ita ke riƙe da kuɗin jami'a da filayenta da gine-ginenta, ita ke ɗaukar ma'aikaci ta kuma sallame shi, ita ke naɗa shugaban jami'a. Abin da nake son nunawa shi ne cewa wannan iko na gaske ne a takarda, amma an hana shi abubuwa biyu da ba ya aiki sai da su: tabbacin wa'adi da ikon aljihu. Majalisar da ba ta san ko za ta kai baɗi ba, kuma ba ta da ta cewa kan mafi yawan kuɗin da ke shigowa, ba za ta iya hangen shekara goma ba. Dole ta taƙaita ga abin da ke kusa, wato wa zai zama shugaba da wa zai sami kwangila.

Tsarin ya zo ne daga Ingila tare da Jami'ar Ahmadu Bello kanta. Bayan rahoton hukumar Ashby na 1960, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa jami'arta, aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoban 1962, Sardauna Sir Ahmadu Bello yana Uban Jami'a, Norman Alexander, masanin fiziya ɗan Niyu Zilan, yana shugabanta na farko. Kongo ta girme ta: tun 1947 ake horar da akawuna a wurin, daga baya ta zama cibiyar koyon sha'anin mulki, aka haɗe ta cikin sabuwar jami'a. An raba mulki gida biyu. Majalisar malamai, wato sanet, ita ke da manhaja da jarrabawa da bayar da digiri. Majalisar gudanarwa ita ke da dukiya da ma'aikata da alƙiblar gaba ɗaya. A saman su duka akwai wanda doka ke kira Mai Ziyara, muƙamin da aka gada daga tsofaffin kwalejojin Ingila, inda aikinsa leƙowa ne jefi-jefi don sasanta rikici da duba ko ana bin ƙa'ida. A jami'o'in tarayya na Nijeriya shugaban ƙasa ne Mai Ziyara. Nan ne tushen matsalar, domin mutum guda ya zama mai bayar da kuɗi, mai naɗa shugaban majalisa, mai bincikenta, kuma mai rusa ta.

Ba a rana ɗaya ikon ya zame daga hannun majalisa ba. A 1974 aka ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ƙarfin doka, ta tashi daga mai ba da shawara ta zama ƙofar da kuɗin jami'o'i ke bi. A 1975 gwamnatin soja ta karɓe Jami'ar Ahmadu Bello ta mayar da ita ta tarayya, a shekarar da Farfesa Ishaya Audu ya bar kujerar da ya hau tun 1966. A tsakankanin nan ne gyaran albashi na Udoji ya cusa ma'aikatan jami'a cikin ma'aunin ma'aikatan gwamnati, sannan a 1978 hukumar JAMB ta karɓi jarrabawar shiga. Kowane mataki da hujjarsa, wasu ma hujjoji ne masu ƙarfi, amma jimillarsu ita ce majalisa ta daina yanke albashi, ta daina yanke kuɗin karatu, jami'a kuma ta daina zama ita kaɗai mai ƙofar shiga.

Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da Zariya ta gani a 1995. Bayan rikicin cikin gida da ya dabaibaye shugabancin Farfesa Daniel Saror, gwamnatin Janar Sani Abacha ta turo Manjo Janar Mamman Kontagora a matsayin kantoma, ya riƙe jami'ar shi kaɗai har 1998. Har gobe a harabar Samaru da ta Kongo akwai masu yaba masa, suna cewa ya dawo da tsari, ya gyara gine-gine, ya sa kowa ya shiga taitayinsa. Ba na musun wannan. Amma darasin da zamanin ya koya wa masu mulki mai haɗari ne: cewa ana iya ɗauke majalisa ɗungurungum, a ajiye mutum guda, jami'a ta ci gaba da buɗe ƙofa da safe. Tun daga nan ake kallon majalisa kamar kayan ado da za a iya saukewa idan ana shara.

Dokar 'yancin jami'o'i ta 2003 yunƙurin gyara wannan ne. Gyaran fuska ce ga dokar soja mai lamba 11 ta 1993, kuma sai a 2007 aka buga ta a gazet. Ta ce majalisa ce ke naɗa shugaban jami'a, sannan ta sanar da Mai Ziyara. Sanarwa kawai, ba neman izini ba. Ta ce takardun umarnin gwamnati da suka saɓa wa dokar jami'a ba su hau kanta ba. Ta ba majalisa wa'adin shekara huɗu, ta kuma ce ba a rusa ta sai an same ta da gazawa da almundahana, idan kuwa an rusa to nan take a kafa wata. Ta wajabta ziyarar bincike aƙalla sau ɗaya a kowace shekara biyar. A ganina doka ce mai kyau, kuma waɗanda suka yi gwagwarmayar samunta sun cancanci a tuna da su.

Sai dai a duba lissafin kujerun, domin a nan wani abu yake ɓoye. Daga waje akwai shugaban majalisa, da wakilin ma'aikatar ilimi ta tarayya, da mutum huɗu da gwamnati ke naɗawa don wakiltar ɓangarorin al'umma, da mutum ɗaya daga taron tsofaffin ɗalibai: bakwai ke nan. Daga ciki akwai shugaban jami'a da mataimakansa, da mutum huɗu daga sanet, da biyu daga babban taron ma'aikata masu digiri. Idan mataimakan biyu ne, na ciki tara ne. Idan uku ne, goma. Ma'ana, ma'aikatan jami'a su ne masu rinjaye a majalisar da aka kafa don ta sa musu ido. An yi haka da niyya, don kada 'yan siyasa su mamaye jami'a, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma shugaban jami'a shi ne shugaban sanet, shi ke gabatar da sunayen mataimakansa, kuma yana da hannu a muƙamai da damammakin waɗanda ke zaune da shi a teburin. Shugaba mai wayo na iya shiga zaure da ƙuri'unsa a aljihu. Afirka ta Kudu ta bi akasin wannan hanya a dokarta ta 1997, inda ta ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari na 'yan majalisa kada su kasance ma'aikata ko ɗaliban jami'ar. Ba na cewa mu kwafo nasu. A ƙasar da ake raba kujerun waje a matsayin ladan siyasa, rinjayen na waje na iya zama wata masifar. Abin lura dai shi ne dokarmu ta yi tanadin kare jami'a daga Abuja, ba ta yi isasshen tanadin kare ta daga shugabanta ba.

Ko karewar daga Abuja ma ba ta samu ba. A Fabrairun 2016 gwamnati ta sauke shugabannin jami'o'i 13 a sanarwa guda ta naɗa wasu, aikin da doka ta ba majalisu. A Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rusa hukumomin gudanarwa na ma'aikatun tarayya, guguwar ta kwashe majalisun jami'o'i, ba tare da an ce an sami wata da gazawa ko almundahana ba, kuma da yawansu wa'adinsu bai cika ba. Aka umarci shugabannin jami'o'i su riƙa miƙa wa ma'aikatar ilimi duk abin da ke buƙatar amincewar majalisa. An yi kusan shekara a haka. Sai da ASUU ta ba da wa'adin mako biyu a Mayun 2024 aka fito da sunaye, aka janye su don a sake dubawa, sannan a Yulin 2024 aka rantsar da sababbin majalisu. Ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samu Alhaji Mahmud Yayale Ahmed, tsohon sakataren gwamnatin tarayya, a matsayin shugaba.

Mai karatu na iya cewa: to me aka rasa a wannan shekarar, tunda an yi lacca an yi jarrabawa? An rasa abin da ido ba ya gani nan take. Ƙarin girma zuwa matakin farfesa sai majalisa ta sa hannu. Ma'aikacin da aka ladabtar, gabanta yake kai kuka. Kasafin kuɗi da rahoton masu binciken asusu ita ke tantance su. Idan babu ita, ko dai waɗannan su tsaya cik, ko su koma teburin wani jami'i a Abuja da bai taɓa taka Kongo ba, ko shugaban jami'a ya yi gaban kansa da sunan za a tabbatar daga baya. Duk wadda aka bi cikin ukun, jami'a ta koyi rayuwa babu mai tambayarta. Sabuwar majalisa kuma ta shigo da sanin abin da ya sami ta gabanta. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya san da sanarwar rediyo za a iya tuɓe masa riga ba zai yi gardama da mai rigar ba.

Batun kuɗi ya fi wannan zurfi. Albashi, wanda shi ne kaso mafi girma na abin da jami'ar tarayya ke kashewa, daga Abuja yake zuwa a ƙididdige, kuma shekaru da dama ta tsarin IPPIS ake biyansa kai tsaye, har sai da majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga ciki a Disambar 2023. Tun 2015 kuɗin shigar jami'a ke zaune a asusun bai-ɗaya na gwamnati. Manyan gine-gine kuwa akasari na TETFund ne, asusun da ya samo asali daga harajin ilimi na 1993, kuma kuɗinsa kan zo da sharaɗin abin da za a yi da shi. Yarjejeniyar 2009, wadda ta haifi yawancin yajin aikin da suka biyo baya, tsakanin ƙungiyar malamai da gwamnatin tarayya aka ƙulla ta. Wato majalisa ce ubangidan malami a takardar ɗaukar aiki, amma ba ita ke yanke albashinsa ba, ba kuma ta da abin da za ta ba shi ya koma aji. Shi ya sa a watanni takwas na 2022 babu majalisar da ta iya buɗe ƙofar Kongo.

Abin da ya rage mata shi ne ɗan abin da jami'a ke tarawa da kanta, kuma kansa wahalhalu ke taruwa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin farko daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane ma'auni, hukumomin Jami'ar Ahmadu Bello suka fito fili suna cewa lissafin wata ya kai ɗaruruwan miliyoyi, ya fi ƙarfinsu. Ga tambaya irin ta majalisa tsantsa: a ƙara wa ɗalibai kuɗin hidima, ko a rage sa'o'in wuta a ɗakunan kwana da ɗakunan gwaji, ko a ci bashi a kafa wutar sola da za ta biya kanta cikin shekaru? Amsa ta uku ce ta mai hangen nesa, amma tana buƙatar majalisar da za ta zauna ta ga an fara, ta bi sawun aikin, ta miƙa wa magajiya da ta san tarihin maganar.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Majalisu ba su tsira daga laifi ba, kuma mafi yawan laifinsu a wurin zaɓen shugaba yake fitowa. Doka ta tsara hanyar daki-daki: a yi talla, a kafa 'yan farautar cancanta, kwamitin haɗin gwiwa na majalisa da sanet ya tantance ya kawo sunaye uku, majalisa ta ɗauki ɗaya, wa'adi guda na shekara biyar. Duk da haka, bayan ƙarewar wa'adin Farfesa Shehu Usman Abdullahi a 2009, Jami'ar Ahmadu Bello ta yi watanni a hannun masu riƙon ƙwarya saboda taƙaddamar zaɓe, kafin Farfesa Abdullahi Mustapha ya hau a 2010. A Jami'ar Legas, a Agustan 2020, majalisa ƙarƙashin Wale Babalakin ta tsige shugaban jami'ar, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe, a wani zama da ta yi a Abuja. Sanet ta ƙi, gwamnati ta kafa kwamitin ziyara na musamman, Babalakin ya ajiye muƙami, aka mayar da Ogundipe a Nuwamba. A Nuwambar 2024 aka rusa majalisar Jami'ar Nnamdi Azikiwe kan naɗin shugaba, a Fabrairun 2025 ta Jami'ar Abuja ta bi sahu. Kowane irin wannan kuskure makami ne da majalisu ke miƙa wa mai neman hujjar shiga gonarsu.

Amma ina ganin ba daidai ba ne a ce halin mutane kawai ne. A duba yadda zama ke gudana. Bisa al'ada sau huɗu ake zama a shekara. Ɗan majalisa na waje kan iso Zariya da daddare, ya tarar da kundin takardu mai kaurin bulo a masaukinsa: bayanin zaman baya, rahoton kwamitin kuɗi, jerin ƙarin girma, ƙararrakin ladabtarwa, kwangilolin da ke jiran amincewa. Ofishin magatakarda ne ya haɗa kundin, magatakardan shi ne sakataren majalisa, kuma a aikin yau da kullum yana ƙarƙashin shugaban jami'a. Duk abin da baƙon zai sani game da jami'ar, wanda ya zo dubawa ne ya zaɓo masa. Kafin a gama da abubuwan da suka taso daga zaman baya an kira azahar. Tambayoyin da su ne ainihin aikin majalisa, kamar ɗalibai nawa malami ɗaya ke koyarwa a Kongo, farfesoshi nawa za su yi ritaya nan da shekara biyar kuma wa ake renon ya gaje su, wane sashe ya kamata a faɗaɗa, wanne a haɗe, ba su da gurbi a ajanda. Mai Ziyara da ya kamata ya tono irin wannan giɓi shi ma yakan makara: kwamitocin ziyarar da aka tura a 2021 sai da suka haɗa shekara goma, 2011 zuwa 2020, a tafiya ɗaya.

Gyaran da na fi ba muhimmanci ƙarami ne a rubuce. A daina naɗa 'yan majalisa na waje a rana ɗaya su sauka a rana ɗaya. A Jami'ar Mishigan ta Amurka mutum takwas ne, wa'adin kowa shekara takwas, biyu-biyu suke sauka duk bayan shekara biyu. A Jami'ar Kalifoniya wa'adin shekara 12 ne, shi ma a jere. Ba tsawon wa'adin nake sha'awa ba, jerantawar ce: babu gwamnatin da za ta wayi gari da sabuwar majalisa ɗungurungum, kuma kullum akwai wanda ya tuna dalilin shawarar shekara uku da suka wuce. A haɗa da sharaɗin cewa ba a rusa majalisa sai bayan rahoton ziyara da aka buga kowa ya gani, a kuma ba ta mai binciken asusu da ke kai rahoto gare ta kai tsaye.

Wannan magana ta fi shafar jami'ar horar da malamai da ke ƙofar Gyallesu fiye da babbar yayarta, Jami'ar Ahmadu Bello. An kafa ta a 1962 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai, ta yi zamani a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ta koma hannun tarayya. A Mayun 2015 gwamnati mai barin gado ta ɗaga ta zuwa jami'a tare da takwarorinta na Kano da Ondo da Owerri. Cikin 'yan watanni sabuwar gwamnati ta dakatar da matakin, sai bayan shekaru maganar ta sake tabbata. Makarantar da ta ɗanɗana hawa da sauka da alƙalamin Abuja ta san abin da nake faɗa fiye da kowa. Majalisunta na farko su ne za su yanke abin da zai daɗe: wane ma'auni za a bi wajen mayar da malaman kwaleji zuwa matakan jami'a, me za a yi da karatun NCE da ya ciyar da makarantun firamaren Arewa da malamai shekara da shekaru, kuma ɗalibai nawa za a ɗauka. Wannan na ƙarshe ba lissafin cikin harabar makaranta ba ne kawai. Duk ɗalibin da aka ɗauka ba a tanadar masa gado ba, a Gyallesu ko Tudun Wada zai nemi ɗaki, a rijiyar unguwa zai ɗebi ruwa, a taransifomarta zai jona wuta. Doka ta ware kujeru huɗu don wakiltar ɓangarorin al'umma, kuma ba ta hana a ba ɗaya daga ciki ga wanda ya san farashin ɗaki ciki da falo a bayan katangar makarantar ba.